Sunan da Tanti Take Koya wa Daji

A ƙauyen Brasso Seco kowa ya san ba a ƙwala wa mutum kira da sunansa a bakin daji. Duwen na nan sun kasa kunne, wato jariran da suka mutu ba a yi musu baftisma ba, masu ƙafafu a juye. In suka riƙe sunanka, da shi za su ja ka cikin kurmi, shi ke nan an rasa ka.

Shi ya sa Kerisha, 'yar birnin da ta zo ɗaukar fim a kan labaran tsofaffi, ta kusa sakin kyamara da ta ga tsohuwar da take ɗauka a fim ɗin ta tsaya a ƙarshen gonar koko da la'asar, ta buɗe murya: "Clemencia! Clemencia!"

"Tanti, wa kike kira?"

"Ni mana. Sunana ke nan."

"Ba ke kika ce mini ba a yin haka ba?"

"Ke dai ɗauki hotonki, sarkin tambaya."

Shekara hamsin da ɗaya ke nan da ɗanta ya rasu yana kwana shida a duniya. Ruwa ya cinye hanya, fadan coci bai iso ya yi masa baftisma ba. Ba ta ƙara haihuwa ba. Miji ma ya rasu, tsararrakinta suka ƙare, waɗanda suka rage kuwa Tanti kawai suke ce mata. Kullum sai ta koya wa dajin sunanta, ko yaron zai riƙe ya kira ta. Ɓata ba ya ba ta tsoro, shirun gidanta ne ya ishe ta.

Kerisha ta naɗi sautin kurmin, ta ɗora mata abin sauraro a kunne. Tsuntsaye, rafi, sai muryar wata tsohuwa.

"Ƙara."

"Iyakarsa ke nan, Tanti."

"Injin banza, bai kamo muryar ɗana ba. Ko kuwa yaron ubansa ya gado, shi ma sai an kira shi sau goma." Ta yi dariya, amma abin ya yi mata ciwo.

Kerisha ta kwashe kayanta ta gangara. Da ta kai mota, ɗan birni dai ba ya jin gargaɗi, sai ta ɗaga murya: "Tanti Clemencia! Na tafi!"

Kiran ya bugi dutse, ya dawo ta cikin itatuwa. Tsohuwar ta san yarinyar ce, sarai ta sani. Amma ba ta waiwayi hanya ba. Ta fuskanci kurmi, ta gyara ɗankwali.

"Na'am, ɗana," ta ce. "Ga ni."