Mai Riƙon Allo

Sati uku ke nan Malama Oforiwaa ba ta koyar da komai bayan ƙarfe tara ba. Da yara sun gama cin abinci sai ta rataya usur ta fita fili, masu ganga su ɗauko gangunansu daga ofishin hedimasta, a shiga hagu-dama har a tashi. Haka ake yi duk shekara in bikin 'yancin kai na shida ga Maris ya gabato. Shekara goma sha tara ke nan ita ake ɗora wa faretin, tun tana yi da marmari har ta koma yi don babu mai karɓa. Muryarta ta dishe. In ta koma gida sai ta tsoma ƙafafunta a ruwan ɗumi da gishiri kafin ta iya ɗora tukunya.

Bana an aiko da takarda daga gunduma cewa kowace makaranta ta kawo yara talatin, sahu goma, uku-uku, sai mai riƙe allon sunan makaranta a gaba. Ta fara da yara hamsin da biyu, tana zaftarewa, yau uku gobe biyar, kowanne ya koma aji yana sharar hawaye da bakin riga. Ranar Litinin, saura kwana huɗu, lissafi ya cika daidai. A cikin talatin ɗin har da Pokuaa.

Pokuaa 'yar aji shida ce, siririya, marar hayaniya. In tana tafiyarta zuwa famfo ba ka ganin komai. Amma da ganga ta tashi, in ta ɗaga ƙafar hagu sai hannun hagu ya bi ta, in ta ɗaga ta dama na dama ya bi, gaba ɗaya jikin ya rinƙa karkata. Yara suka sa mata suna Agwagwa. Babu dabarar da Malama ba ta yi ba. Ta tsaya bayanta ta riƙe mata gwiwar hannu suna tafiya tare. Ta ba ta tsakuwa ta damƙe a hannun dama don ta tuna. Ta ce mata ta daina tunani, ta ce mata ta yi tunani. Sai ta yi taku biyar lafiya lau, a na shida abin ya dawo.

Hedimasta, Malam Gyamfi, yana zaune a baranda da fankar kwali yana kallo. Bara makarantar ta zo ta huɗu, kuma tun daga lokacin yake maganar kofin gasar kamar an ajiye masa shi. Da aka tashi ya kira ta, ya tura mata kujera da ƙafa.

"Malama, wannan yarinyar ta sahu na bakwai, rawa take ko fareti?"

"Tana ƙoƙari, Masta."

"Ni ma ina ƙoƙarin rage tumbi, kin ga ya ragu? Alƙalan nan ba ƙoƙari suke ba maki ba. Ki cire ta, ki dawo da ɗaya daga waɗanda kika kora. Gobe da safe nake so in ga an gyara."

Ta ce to.

Hanyar fita makarantar ta gaban teburin Maame Dufie take bi, tsohuwar da ke sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a ƙarƙashin bishiyar darbejiya tun kafin Malama ta zo garin. Ita ce kakar Pokuaa, a hannunta yarinyar ta tashi. Malama ta so ta wuce da gaisuwa kawai, amma tsohuwar ta riga ta shimfiɗa ganye tana zuba mata.

"Zauna, 'yata, kin koma kamar sandar rake da aka tsotse. Wannan Gyamfin zai kashe ki ya samo wata."

Ta zauna. Maame Dufie ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta jawo wata leda, ta buɗe a hankali da hannun da ta goge sau biyu a zani. Farar safa ce sabuwa, da farin takalmin kambas, da rigar makaranta da tela ya kawo jiya, ko wanki ba ta sha ba. Ta ce ran Juma'a ba za ta dafa komai ba, masu ci su nemi wani wuri, ita da asuba za ta je ta kama wuri kusa da rumfar manya. Ta ce uwar yarinyar ta aiko daga Kumasi, da an gama zangon ƙarshe za ta ɗauke ta, can za ta ci gaba da karatu. In ita kakar ba ta gan ta a fili bana ba, shi ke nan.

"Kin ce baɗi, aka yi baɗi kin ce baɗi. Na ce wa Pokuaa, Malama ba ta ƙarya, jinkiri kawai take."

Ta ɗora mata ƙwai a kan abincin, wanda ba ta ce a sa ba. Malama ta ci loma uku, ta naɗe sauran ta ce a gida za ta ƙarasa.

Washegari ta iso da wuri, da maganar da za ta faɗa wa yarinyar a shirye a bakinta. Ta ma zaɓi wurin, bayan ajin 'yan ɗaya, inda ba mai gani. Masu ganga sun riga sun fito suna ɗumama hannu. Sai ga Pokuaa ta ɓullo daga ƙofa, rungume da babbar tukunyar miyar kakarta, hannu biyu, tana nufar gindin darbejiya. Malama ta tsaya tana kallon ƙafafun. Hagu na sauka a kan babban bugu, dama a kan ƙarami, ba kuskure ko ɗaya, tun daga ƙofa har teburin, yarinyar ba ta ma san tana yi ba. Ashe ƙafafun ba su taɓa yin laifi ba. Hannuwan ne ba su san inda za su sa kansu ba, in aka ba su abin riƙewa sai su zauna lafiya.

A fareti kuwa mutum ɗaya ne kawai hannuwansa ba sa lilo.

Ba ta ji daɗin wannan tunanin ba. Ta ji kamar an ƙara mata kaya ne, domin allon yana da mai shi. Konadu ce ke riƙe shi shekara biyu a jere, doguwar yarinya mai tsayuwa kamar an auna da igiya, ita ce ta ɗaya a aji, ita ce ke share allon aji ba a sa ta ba. Ubanta direba ne, ya sayo mata farar safar hannu daga Techiman, tana ajiye ta a cikin littafin lissafi don kar ta yamutse. Ba wanda ya ba ta allon don alfarma, iyawa ce ta ba ta.

Malama ta kira ta bayan ajin 'yan ɗaya, wurin da ta tanada don Pokuaa. Ta yi mata bayani dalla-dalla cewa allon zai koma hannun Pokuaa. Ta ce za ta sa ta a sahun farko, ɓangaren dama, inda alƙalai ke fara kallo, ba kowa ake ba wurin ba. Konadu ta saurara har ƙarshe, hannuwanta a baya.

"Malama, laifin me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Ke ko'ina aka sa ki kin iya, shi ya sa."

"To da ban iya ba, da an bar mini ke nan?"

Yarinyar ta jira kaɗan, ta rusuna, ta tafi. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi.

Da aka jeru, Malam Gyamfi ya ga allo a hannun Pokuaa, ya sauko daga baranda har fankarsa na faɗuwa. Ya ce shi cirewa ya ce a yi, bai ce a naɗa ta sarauniya ba. Malama ta roƙe shi ya bari su zagaya fili sau ɗaya. Aka buga ganga. Pokuaa ta damƙe sandar allon a ƙirji, ta taka, sahu goma suka biyo ta. Ya bi su da ido har suka dawo, yana neman abin da zai kama bai samu ba. Ya ce shi dai ya wanke hannunsa, wanda ya jiƙa gari shi zai sha abinsa, ya koma kujerarsa.

Kwana biyun da suka rage Konadu ta yi fareti a sahun farko, ba ta kuskure taku ɗaya ba. Ba ta kuma kalli Malama ba ko sau ɗaya.

Ran Juma'a ƙarfe shida suka taru a makaranta. Malama ta ƙirga, talatin har da mai allo. Ta sake ƙirgawa, mutum ɗaya babu, Konadu ce. Wata maƙwabciyar su Konadu ta ce uwarta ta ce a faɗa wa Malama zazzaɓi ya kama ta cikin dare. Wata kuma ta ce ai ta gan ta ɗazu a famfo da bokiti, sauran suka zungure ta ta yi shiru. Waɗanda aka cire tun farko babu wanda ya zo da farar safa, wasu ma suna gona. Malama ta ɗauko yarinya daga sahu na biyu ta cike gaba, ta ɗauko daga na uku ta cike na biyu, ta yi ta tura ramin baya har ya isa sahun ƙarshe, inda ya tsaya, yara biyu da wurin mutum ɗaya a tsakaninsu. Ba inda za a ƙara tura shi.

A filin gunduma makarantu goma sha huɗu suka jeru tun ƙarfe bakwai. Manya ba su iso ba sai tara da rabi. Aka yi addu'ar Kirista, aka yi ta Musulmi, aka zuba wa kakanni abin sha a ƙasa, aka karanta jawabi mai shafi da yawa. Rana ta hau tsakar ka. Yara biyu daga wata makaranta suka zube, aka kwashe su zuwa inuwa. Malama tana bin sahu da ledar ruwa tana ɗiga wa kowa a baki, tana cewa su motsa yatsun ƙafa a cikin takalmi. Ta ce wa Pokuaa ta dasa sandar a ƙasa ta huta kafin a kira su. Yarinyar ta girgiza kai, ta ce in ta ajiye tana tsoron kar hannuwan su tuna.

Sai wajen sha ɗaya aka kira sunansu. Wurin malami a gefen sahun farko yake, amma Malama ta koma baya ta tsaya kusa da sahun ƙarshe, ko jikinta zai ɗan tare wa alƙalai ganin ramin. Tun daga farkon fili har suka wuce rumfa idonta na kan yaran nan biyu, tana ce musu ƙasa-ƙasa kar su matso juna, su bar wurin yadda yake, su riƙe layinsu. Ta ji tafi daga wajen rumfa, ta ji wata tsohuwar murya ta fi ta kowa tashi, amma ba ta ɗaga kai ba. Abin da ta iya hangowa daga gaba, ta saman kawunan yara, bayan allon ne kawai.

Suka zo na bakwai. Mai sanarwa ya ce an rage wa wata makaranta maki saboda sahunta bai cika ba, bai faɗi suna ba, ba a kuma bukaci ya faɗa ba. Malam Gyamfi ya tada babur ɗinsa ya wuce ta gabanta, bai ko rage gudu ba.

Ta sami gindin wata bishiya ta zauna a kan saiwa, ta cire takalmi. Ran Litinin Konadu za ta zauna a bencin farko, daidai gaban teburinta, kuma akwai sauran zango guda da rabi. Tana wannan tunanin Pokuaa ta iso, har yanzu da allon a hannu, kakarta na biye da ita tana faɗa wa duk wanda suka gifta cewa jikarta ce. Sabon takalmin ya yi ja da ƙasa. Da yarinyar ta jingina allon a bishiya, Malama ta ga tafin hannuwanta sun tashi, ɗaya har ya fashe.

"Malama, kin gan ni?"

Ta so ta ce e. Amma tsohuwar na tsaye a wurin, kuma yau ba ta da sauran ƙarfin yin ko ƙaramar ƙarya.

"Ina can baya, ban gan ki ba. Allon na gani."

"Ya karkace?"

"Bai karkace ba."

Pokuaa ta gyaɗa kai, ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta fara kwance igiyar takalminta da bakin yatsu.