Barkonon Doña Eufrosina

A unguwarmu, in kana son sanin yadda aka kwana a gidan Doña Eufrosina, wato Uwargida Eufrosina, ba sai ka tambayi kowa ba. Ka shiga gidan abincinta da rana, ka yagi gurasar masara, ka dangwali barkonon da ta daka a turminta na dutse. In ka ji kunnuwanka sun toshe, to an kwana ana yi. Kowa a garinmu Puebla ya san fushin mai girki a barkono yake sauka. Ita kuwa Eufrosina ba ta taɓa rasa abin fushi ba, domin Allah ya ba ta Liborio.

Liborio mijinta ne, shi ke kai abinci tebur. Ita tana can gaban wuta, shi yana nan tsakanin kujeru, amma bakinsu kullum a haɗe yake.

"Liborio, mutanen lungu tun ɗazu suke jiran shinkafa."

"Hannu biyu gare ni, tsohuwa."

"Da na ga amfanin ɗaya ma ai da na gode Allah."

Haka muke ci. Miya, sai shinkafa, sai nama da wake, ga zobo a jug, duk a kuɗin da lebura ba zai yi tsaki ba. Faɗan kuma kyauta ne. Ni Casimiro, shagona na gyaran takalma yana manne da nasu, kuma ni na riƙe musu ɗansu ranar baftisma, don haka kompadre muke kiran juna da Liborio, ita kuma komadre. Gwauro ne ni, ban da wata tukunya a duniya sai tata, saboda haka abin da ya shafi gidan nan ya shafi cikina.

Wata rana Liborio ya ɗauko zobo, ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya dafe ƙirji, sai ga shi a ƙasa. Aka kwashe shi sai asibiti. Zuciya ce. Ya yi kwanakinsa ya dawo da ƙafarsa, ya ɗan rame, amma bakinsa na nan yadda yake. Wadda ta canza Eufrosina ce.

Ta sa masa kujera a bakin ƙofa har da matashi. Ta kawo 'yar ƙanwarta ta karɓi aikin tebur. In ya yi magana sai ta ce, "To, maigida." Ranar da na fara jin wannan kalma daga bakinta sai da na waiga in ga ko wata ce ta shigo. Barkono kuwa ya mutu murus. Ja ne a ido, amma a baki ruwan tumatir ne, ko jariri aka ba zai nemi ƙari. Direbobin bas da ke cika teburin taga suka fara ci shiru, suna kallon juna. Gaskiya na ji haushi, kuma na ji kunyar jin haushin, tunda mutum ne ya tashi daga ciwo.

Ran nan Liborio ya lallaɓo shagona, ya zauna a kan benci, ya ɗauki wani takalmi yana jujjuyawa.

"Kompadre, mutuwa zan yi."

"Kowa ma zai yi. Ajiye takalmin mutane."

"Ni tawa ta kusa. Jiya na ce mata waken ya yi gishiri. Ka san me ta ce? Wai gaskiyata ce, za ta rage."

"To ai ladabi ta koya."

"Eufrosina? A waɗannan shekarun?" Ya girgiza kai. "Ranar da za a sallame ni, likita ya ja ta gefe. Na hango su ta ƙofa, shi yana magana, ita tana share ido da gyale. Tun daga ranar ko tsawa ba ta yi min ba. Akuyar da ka ga an daina kora daga kan hatsi, ai ka san biki ya zo."

Na so in yi dariya, sai na ga ba wasa yake yi ba. Tsoro ne sosai a tare da shi. Na ce ya tambaye ta mana. Ya ce ya tambaya, ta ce lafiyarsa lau, ta kuma shafa masa kai. Shafa kan nan ne ya ƙarasa kashe masa jiki.

"In da sauran kwanana a gaba," in ji shi, "za ta zage ni. Ka taya ni, kompadre. A nemo abin da zai tunzura ta."

Na ɗauka aiki ne mai sauƙi. Matar da ta taɓa korar mutum don ya busa miyarta da ƙarfi? Washegari na je kanti na sayo tumatirin kwalba, irin mai zaƙin nan da yara ke sa wa dankali. Na zauna, ta kawo min kaza cikin baƙar miyarta, wadda take kwana biyu tana haɗawa. A gaban idonta na zazzaga tumatirin nan a kai. Direbobi suka ajiye cokula. Wani ya ɗan ja kujerarsa baya.

Ta dubi farantin, ta dube ni, ta saci kallon Liborio. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, ta kuma kwanta.

"Kowa da yadda yake so, kompadre," ta ce, ta koma ciki.

Dole na cinye abin nan tas. Har yau ban yafe wa Liborio ba.

Shi ma ya gwada nasa. Ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, shinkafar Chabela ta tsallaken titi ta fi wara-wara. Chabelar nan fa ita ce ta taɓa zama 'yar aikin Eufrosina, ta koyi girki, ta je ta buɗe nata a daidai saitin ƙofarsu. Ko sunanta ba a ambata a gidan. Eufrosina ta ce, "Yarinyar tana ƙoƙari." Liborio ya dube ni da ido jajur. A ranar har ya fara gaya min wanda zan ba hularsa ta zuwa coci.

Ranar Asabar da azahar, gida ya cika, sai na ga kujerar bakin ƙofa babu kowa. Na leƙa waje. Ga Liborio can tsakiyar titi, ya sa farar rigarsa, yana ɗaga wa motoci hannu su tsaya. Ya tsallaka, ya ja kujera a rumfar Chabela, ya zauna yana fuskantar ƙofar matarsa.

Na bar miyata na bi shi a guje.

"Kompadre, ka haukace? Tashi mu koma."

"Chabela," ya ce, ko kallona bai yi ba, "kawo min kayan ciki, soyayye. A bar kitsen. A ƙara gishiri."

Chabela ta tsaya da cokali a hannu. "Baba Liborio, ka rufa min asiri. Doña Eufrosina tana gani fa."

"Don ta gani na zo. Zuba."

Ta zuba. Tumbi da hanji suka zo a kan gurasa, mai yana ɗiga. Duk abin da likita ya hana, ga shi a faranti ɗaya. Liborio ya naɗe gurasar a hankali, ya karkata kai, ya buɗe baki.

Ban ga fitowarta ba. Na dai ji motoci suna taka birki, na ga direbobi sun cika ƙofa da farantansu a hannu. Sai ga Eufrosina a kanmu, da ludayi, gaban rigarta duk gari.

"Ajiye."

"Abinci nake ci, tsohuwa."

"Na ce ka ajiye, kafin in ajiye ka."

Ya kai gurasar kusa da baki. Ta buge hannunsa da ludayin, kayan ciki suka watse a ƙasa, wani kare da bai san hawa ba bai san sauka ba ya samu rabonsa.

"A gidan Chabela? A gabana? Mutumin da nake tashi tun asuba ina cire masa fatar kaza, ina auna masa gishiri da ɗan yatsa? In mutuwar kake nema, jaki kawai, ka zo ka mutu a girkina. Ba za a ce mijina ya mutu da man wata a baki ba."

Chabela ta ce, "Doña, ni ban—"

"Ke rufe min baki. Shinkafarki ma ɗanya ce, tun kina wurina nake gaya miki."

Sai ta juyo kaina. "Kai kuma, kompadre, kar ka ɗauka na manta. Tumatirin kwalba a kan miyata. Da ka ji abin da na ce maka a zuci ranar, da ka tashi daga unguwar nan."

Na cire hula na ce ta yi haƙuri. Raina kuwa fari tas.

Liborio bai motsa ba. Ya ɗaga kai ya dube ta, muryarsa ta yi ƙasa.

"Eufrosina, don Allah. Me likitan ya ce miki?"

"Me zai ce? Cewa ya yi zuciyarka za ta kai ka ka ga auren jikokinka, in dai ka bar kitse kuma aka daina tayar maka da hankali. Da ya zo kan tayar da hankalin sai ya kalle ni. Ni ya kalla, Liborio." Nan muryarta ta karye. "Ni na gan ka kwance cikin zobo, bakinka a buɗe. Na ce ni na jawo. Na yi alkawari a coci in ka tashi ba zan sake ɗaga maka murya ba. Tun ranar nake haɗiye magana, cikina har ya kumbura, dare ba na barci. Kai kuma ga sakayyar da za ka yi min."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Me kake so ya ƙara? Ya rubuta maka a goshi?"

"Ni na ɗauka sallama kike yi da ni."

Ta share fuska da bayan hannu, gari ya shafe mata kunci. Tausayinsu ya kama ni su biyun, har na rasa inda zan sa idona, sai na tsaya kallon karen.

"Sallama," ta ce. "Kai ɗin? Wa zai karɓe ka a can? Tashi, mutane na jiran shinkafa. Kuma matashin nan yau zan ɗauke shi, ka zauna ya isa haka."

Ta juya ta shiga titi ba ta ko duba mota ba, tana tafe tana faɗa, tana nuna direbobi da ludayi su koma su zauna. Liborio ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya kama hannuna don mu tsallaka. Muna tsakiyar titi ya matso kusa da kunnena, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa sabon takalmi.

"Kompadre, ka ji ko? Jaki ta ce min."