Ranar Kamun Wafa

Yayata Gogo ce ta dage sai an yi wa jikarta Wafa kamu. Ta ce haka ake yi a gida. Gidan da take nufi Kano ce, wadda ba ta taɓa gani ba, don a gonakin audugar Jazira, kudu da Khartum, aka haife mu, ni da ita. Na tambaye ta wa ya shaida mata har yanzu Kanawa na yi. Ta ce karatu ya ɓata ni.

Dangin ango, Amjad, mutanen Umdurman ne tun kakanni. Asalinmu ɗaya, amma Hausar da ta rage musu ba ta wuce "sannu" da "madalla" ba. Abin da suka sani kafin biki shi ne lallen ango, da zaman amarya kan ramin hayaƙi har fatarta ta yi laushi. Uwarsa, Hajja Sittana, da hannunta ta haɗa humrar Wafa, ta aiko da ita unguwarmu Mayo, a gefen Khartum.

Da aka ce mata za a yi kamu sai ta ce, "Tabbas, ai mu ma Hausawa ne." Ba ta tambaya ba, Gogo ba ta yi bayani ba. Alhali abin ba wuya: ƙawaye su ɓoye amarya, dangin ango su yi ta nema ana ja musu rai, in sun same ta su fesa mata turare.

Zamanin soja ne, fetur sai da kati. Jibirin, direban doguwar motar da suka ɗauko haya, ya faɗa musu tun a Umdurman cewa man zuwa da komawa ne kawai a tankinsa.

Bayan la'asar suka iso da guɗa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo shayi. Hajja Sittana ta duba hagu da dama.

"Ina amaryarmu?"

Gogo ta ɗaure fuska, ta amsa da Larabcinta na Jazira. "Wace amarya? Ta gudu tun safe. Ta ce ba ta son ɗanku."

Wata maƙwabciya ta ƙara gishiri: "Ta ce kunnuwansa sun yi faɗi."

Hajja Sittana ta ajiye kofi, ta gyara lulluɓinta. "Aure ba dole. Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Ta miƙe, matanta suka bi ta.

Gogo ta zungure ni. "Kin gani? Ta iya wasan."

Ba mu farga ba sai da muka ji an tayar da mota. Na bar takalmi ɗaya a tsakar gida, na samu na shige kafin a ja ƙofa.

Tun daga Mayo har tsakiyar Khartum ina bayani. Hajja Sittana na kallon taga.

"Ustaza, ke malama ce, kin iya rufa asiri," ta ce. "Wa ke kiran mutane tun daga Umdurman don ya ce musu 'yarsa ta gudu?"

Ni ma na daɗe ina wannan tambayar.

Jibirin ya waiwayo. "Hajjoji, in muka haye gadar Umdurman babu dawowa, ku sani."

"Haye," in ji ta. Sai kuma ta fara share ido. "Yarinyar nan ta kwanta min a rai. Wallahi ta fi ƙarfin Amjad. Shi ko kofin da ya sha shayi ba ya ɗaukewa. Kunnuwan kuwa na ubansa ne."

A bakin gada sojoji na duba motoci, muka shiga layi. Mota ta tsaya, iska ta ɗauke, zafi ya rufe mu. Can na ga Hajja Sittana ta ɗaga hanci.

"Wannan humrata ce."

Ƙanwarta Awadiyya ta ce, "Yaya, dukkanmu humra muka shafa."

"Ba irin wannan ba. Wannan mutum ɗaya na haɗa wa."

Ta ratsa tsakanin kujeru har ƙarshen mota, ta leƙa bayan kujerar baya, ta yaye wani zane. Ga Wafa a duƙunƙune, gumi ya jiƙa ta. Ashe muna shan shayi ƙawayenta suka saka ta a nan, wai wa zai nemi amarya a motar da ya zo da ita.

"Ke, kina jinmu kika yi shiru?" na ce.

"Gogo ta ce ko me na ji kada in motsa sai an taɓa ni." Ta sunkuyar da kai. "Kuma ina son jin ƙarshen zancen Amjad."

Hajja Sittana ta juyo gare ni. "Yanzu me ake yi?"

"Ki fesa mata turare."

Ta ƙarar da rabin kwalba. Awadiyya ta saki guɗa har wani soja ya leƙo, ya ga mata zalla da amarya tana atishawa, ya ba mu hannu muka juya.

Muka tarar da Gogo a ƙofar gida, riƙe da takalmina, idonta ja. Tana ganin Wafa ta dawo da ɗaurin fuskarta.

"Ba a taɓa kamu a mota ba," ta ce. "Sai an sake."

Jibirin ya ce a sake ko kada a sake, mai ya ƙare, yau kowa a Mayo zai kwana.

Hajja Sittana ba ta saki hannun Wafa ba. Ta dubi Gogo, ta dubi tabarmin da ta bari ɗazu, ta cire takalmi.

"Madalla," ta ce.