Waƙafin Ƙonni

Malam Abdulƙadiri, likitan dabbobi a Wurno, yana alwalar azahar Bashar ya kira shi daga shagonsa na magunguna a Goronyo.

"Likita, wace irin cuta ta kama shanun Ardo Buba? Ƙunshi ukku yas saya na garin maganin nan ɗazu. Ni a shekara ban sai da ukku."

"Ƙunshi ukku na mi? Abin da nir rubuta mai bai cika cokali ba."

"To, takardarka yan nuna man. Giram dubu biyu da ɗari ukku da saba'in da biyar cikin duro guda. Ɗiyatai Hassana ta karanta, ni ma na karanta."

Malam Abdulƙadiri ya ajiye buta, ya shiga ɗaki ya buɗe kwamfutar da ya sayo a Birnin Ƙonni. Ga rubutun nan: 2,375. Ya danna maɓallin ɗigo da ke cikin jerin lambobi, sai waƙafi ya fito. Ya sake dannawa, waƙafi.

Yarjejeniyar iyaka ta 1906 ta bar Ƙonni hannun Faransa, Wurno hannun Ingila, kowace ta gaji lissafin makarantar mai mulkinta. A can, waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da guntunta. A nan, dubbai yake rabawa. Madannan kwamfutar a tsarin Faransa aka saita su. Giram biyu da 'yan kai ya nufa, takarda ta ninka shi sau dubu, kuma garken Ardo duka daga duron nan zai sha.

Ya kira Ardo Buba a rugarsa ta bayan Rabah. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ya nemo lambar Hassana, yatsunsa na zamewa saboda ruwan alwala.

"Baffa likita, ina wuni? Yanzu munka gama damawa."

"Hassana, ina shanun?"

"Ga su nan tafe. Baba yana zubawa cikin komi. Ruwan dai ya yi kauri kamar kunu, har ina mai tsiya ko fura ya dama musu."

"Aje dariya. Ruga ki kife komin. Kada ki tsaya gaya mai dalili."

Ya ji gudunta, da kukan shanu yana matsowa, da muryar Ardo yana tambaya da Fillanci. Wani abu mai nauyi ya faɗi, ruwa ya kwarara. Daga nan sai sanda da tsawa, ana korar garke baya.

"Na kife," in ji ta, tana haki.

"Akwai wadda tas sa baki?"

Ya ji tana tambayar mahaifinta.

"Farar nan mai ciki. Ita kullum ka riga su."

"Ku tsai da ita a inuwa, ku ba ta ruwa mai kyau. Kada ta kwanta."

Ya ɗauki jakar allurai, ya tayar da babur, ya nufi hanyar Rabah.