Ƙarfen da Ke Jin Hadari

Inusa ya danne zoben azurfa a kan turmin da ya kife, yana goga masa magagari, garin yana zuba a wani ƙyallen fata. Zoben na yayarsa Balki ne, kuma tana tsaye a kansa, hannu a ƙugu.

"Aro ka ce, Inusa. Da magagari ake aron zobe?"

"Ɗan kaɗan zan ɗiba, Yaya. Ko mai gidanki da ya saya, Allah ya jiƙansa, ba zai gane an taɓa ba."

"Shi ba zai gane ba, ni na gane."

Ya ci gaba da guga yana ɗan fito. Haka Inusa yake tun yana ƙarami, in ya sa abu a gaba ko garin zai kama da wuta sai ya gama. Shekara tara ya yi a gidan waya na Damagaram yana hawa turakun waya, yana share wa wani Bafaranshe ɗakin wayar iska. Da aka sallame shi ya dawo Matameye, kowa ya zaci riguna ne a akwatinsa. Da aka buɗe, sai ga nannaɗaɗɗiyar waya, da ƙararrawar ofis, da kwalaben pil, wato batir, guda huɗu da Nasara suka zubar. Balki ta yi sallallami ta koma wajen dakanta.

Yau kuwa ba ranar wasa ba ce. Bara fara ta lashe gonaki tas, aka ci kwaki, aka ci ganye, wasu har irin shuka suka dafa. Balki ta tsira da ƙwarya ɗaya ta gero, ta ɗaure a tsumma ta rataye a rufin ɗaki, 'ya'yanta mata biyu suna kukan yunwa ba ta sauke ba. Ƙwaryar nan ita ce abincin gidan na baɗi gaba ɗaya. Ga shi jiya gardin Kumandan, ɗan sandan Nasara mai jar hula, ya zo ya ƙirga mazan unguwa, ya ce gobe da sassafe za su tafi aikin hanyar mota wajen Ɗan Barto, kwana goma sha biyar, kuma Inusa yana ciki. In ruwan shuka ya sauka ba ya nan, mace ɗaya ba za ta sara ta rufe gona guda ba kafin jigawa ta bushe. Abin da ya rage shi ne binne, a zuba iri yau a busasshiyar ƙasa a jira ruwa. Amma binne caca ne. In ruwa ya daɗe, zabi da tururuwa su yashe. In yayyafi kawai ya samu, iri ya tsiro ya ƙone, shi ke nan an rasa.

"Yau zan gaya miki ko ruwa na kusa," in ji Inusa. "Ba da duba ba, ba da mafarki ba."

Ya haɗa garin azurfar da garin wani kuɗin Faransa mai huda da ya goge tun da safe, ya ɗura a 'yar kwalbar kinin da ya fasa wa gindi. Ya toshe kowane gefe da ƙusa mai faɗin kai, ya bar ɗan fili tsakani inda garin ya kwanta, ya liƙe da ƙaro. Tun da hantsi ya riga ya hau rimin bayan gida ya ɗaura waya a can ƙololuwa, ya jawo ta ta tagar ɗakinsa. Wata wayar kuma ya ɗaura mata tsohuwar fartanya ya binne a gindin randa, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima.

Ana cikin haka Lawwali ya leƙo ta saman danga. Taubashin Inusa ne, ɗan kawunsu, saboda haka yana da lasisin faɗa masa duk abin da ya zo bakinsa.

"Sannu, Bafaranshen gidanmu! An ce ka ɗaura wa aradu igiya za ka jawo ta ɗaki. In ta zo, ka ce ta fara ta kanka, ta bar mana Yaya Balki."

"Shigo ka ga ilimi, bawana."

Lawwali ya zagayo. Inusa ya jera kayan a kan allo, kwalba a tsakiya, ƙararrawa a gefenta dab da ita, yadda 'yar gudumarta in ta dawo za ta taɓa gilashin.

"Duk walƙiyar da ta yi, ko tafiyar kwana uku ce tsakaninmu, tana girgiza iska, girgizar da kunne ba ya ji. Wayar rimi ta kama ta sauko da ita. Garin nan ya haɗe, wutar pil ta sami hanyar wucewa, ƙararrawa ta buga. Guduma ta ƙwanƙwasa kwalba, gari ya watse, ya koma sauraro. Nasara sun daina yayinsa, amma ni na ga yana aiki da idona."

Ya ɗauki pil ɗaya ya koma bakin ƙofa, ya ja bakin waya a kan magagari. Tartsatsi ya yi fat, ƙararrawa a can cikin ɗaki ta ce ƙirrr, ba wanda ya taɓa ta. Lawwali ya yi baya har ya taka kaskon kaji.

"A'uzu billahi! Sake mu gani."

Ya sake, ta sake bugawa. Balki ta karɓi zobenta, ta duba gefen da ya sirance, ta zura a yatsa.

Daga nan sai jira. Rana ta take, sama fes kamar an wanke akushi. Aka yi azahar shiru. Lawwali ya shimfiɗa buzu a inuwa ya ce ba zai tafi ba sai ya ga ƙarshen hauka. Inusa kuwa ko a jikinsa, har wasa sungumi yake yi.

Bayan azahar kaɗan ƙararrawa ta ce ƙir, sau ɗaya. Suka dubi juna. Can an jima ta sake. Kafin Inusa ya gama ɗaure ƙotar sungumi ta buga sau uku a jere.

"Yaya, sauko da iri! Yana gabas, kuma matsowa yake, ba ki ji tana ƙara sauri ba?"

Lawwali ya fita ya ɗaga kai ya duba gabas, ya duba yamma, ya dawo yana dariya. "Wasu ganin hadari ke sa su wanka da kashi. Kai ko ganinsa ba ka yi ba."

Balki ta tsaya a ƙofar ɗakin tana kallon allon. Tsoro ne fal a ranta, kuma ba ta ɓoye ba.

"Inusa, gabana faɗuwa yake. Tambaya ɗaya zan yi maka, kada ka yi mini bakin Damagaram. Ƙarfen nan walƙiya yake ji, ko ruwa?"

Inusa ya dubi allon. "Walƙiya."

"In holoko ne fa, iska da ƙara ba ɗigo?"

"Haka zai buga." Ya ɗago ya dube ta. "Amma ni na ce a shuka. Gobe ba ni nan. In ba yau ba, babu."

Ta juya ta shiga madafa. Suka ji ta buɗe tukunyar da take ajiye gishirin mangul. Ta fito tana murza yatsu, ta goge a zane, ba ta gaya wa kowa abin da ta gani ba. Sai ta taka turmi ta sauko da ƙullin tsumman nan daga rufi.

"Za a shuka. Amma sara da zurfi, yatsa huɗu, ba irin na ragwaye ba."

"Yaya, in ya yi zurfi zai sha wuyar fitowa."

"Ka hau rimi yau, na gani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yatsa huɗu."

Kafin su fita Inusa ya cire wayar rimi daga allon ya jefa bakinta waje a ƙasa, ya kwance pil, ya ce in hadari ya iso ba a barin ta a haɗe. Lawwali ya ce ashe dai shi ma yana tsoron baƙuwar da ya gayyato.

Gonar tana hanyar Tsauni. Inusa yana gaba yana sara, Balki tana biye, tana sakin tsaba da yatsu uku tana rufewa da dunduniya. Ƙasa zafi kamar toka. Masu wucewa suka riƙa tsayawa, don labari ya riga ya zaga gari: ƙararrawa ta ce a yi binne. Wani ya ce Allah ya kyauta, wani ya ce uwar marayu da biye wa mahaukaci. Lawwali, da ba shi da ko tsaba ɗaya da zai shuka a tasa gonar, ya gaji da tsayuwa ya karɓi sungumi. Yana sara yana zagin Inusa, amma layinsa ya fi na kowa miƙewa.

Bayan la'asar gabas ta yi baƙi.

Wayyo, zo ka ga Inusa! Ya cire hula ya ɗaga sama, yana kiran masu dariyar ɗazu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Suka rufe ramin ƙarshe iska tana fizge musu riguna. Tsawa ta yi ta rugugi, walƙiya tana keta sama, ɗigo masu kauri suka fara bugun ƙasa tas, tas. Sai kawai hadarin ya karkata arewa, ya yi wajen Kance da ruwansa. Abin da ya bar musu yayyafi ne da ko riga bai jiƙa ba sosai, irin wanda kowa yake tsoro.

Ba wanda ya yi dariya, har Lawwali. Inusa ya mayar da hularsa. Ya tuna yaran nan biyu suna kuka a ƙarƙashin ƙullin da uwarsu ta hana su, ga shi ya sa an zubar a ƙasa da bakinsa.

Balki ta durƙusa ta tona rami ɗaya. Yatsa ɗaya ƙasa ta jiƙe. Daga nan zuwa ƙasa a bushe ƙamas, tsabar gero tana kwance ba abin da ya taɓa ta. Ta mayar ta rufe.

"Bai kai gare shi ba. Mu je gida."

"Yaya, na cuce ki."

"Ka cuci zobena dai. Gishirina ya yi gumi tun asuba, jiya kuwa bai yi ba. Ƙarfenka ya ce akwai hadari, gishirina ya ce akwai laima. Shaida biyu ko alƙali ya karɓa. Saura na Allah ne."

Washegari bayan sallar asuba gardi ya tara su a bakin kasuwa, mutum ashirin da wani abu, kowa da fartanya da ƙullin gari. Gari ya waye a lumshe, ba iska, ba tsawa, gajimare ya rufe sama ruf. Yanzu da tsoron hadarin jiya ya wuce, bakin mutane ya dawo. Wani ya tambayi Inusa ko ƙararrawar ta faɗi ranar da za a sallame su. Wani ya ce a kai wa Kumandan ita ta riƙa tashinsa cin abinci. Inusa ya sunkuyar da kai, abin da ba a saba gani ba.

Gardi ya daka tsawa, layi ya motsa. Hanyar Ɗan Barto ta bayan dangar Balki take bi. Ba su kai rimin ba ɗigo ya sauka a wuyan Lawwali. Sai wani. Sai ga shi ya kece, ruwa mamako, a tsaye, ba walƙiya ko ɗaya, irin wanda ke ratsa ƙasa har kamu guda. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Mazan da suka bar iri a rataye suka riƙa waiwayen gonakinsu, gardi yana kora su gaba. Inusa ya buɗe baki ruwan yana shiga, murna ta cika shi har idonsa ya kawo ƙwalla. A ransa kuwa ya san wannan ruwan ƙarfensa ba zai taɓa jin zuwansa ba, ko da a haɗe yake.

Daidai tagar ɗakinsa, ƙararrawa ta ce ƙir. Ta sake, ƙir, ƙir, ƙir.

Layin ya tsaya cak, har gardin ya juyo.

"La ilaha illallahu," in ji mai zancen Kumandan. "Ƙarfen Inusa ne! Wallahi ya sani."

Inusa ya dubi gindin danga. Ga bakin wayar rimi can kwance a cikin taɓo, inda ya jefa ta jiya da hannunsa. Bugun ma ba na guduma ba ne, ya san ƙarar azurfar zoben Balki a kan tagulla. Lawwali ma ya ga wayar. Ya dubi taga, ya dubi taubashinsa, karon farko a rayuwarsa ya haɗiye magana.

Inusa ya gyara fartanya a kafaɗa, ya share ruwa daga fuska.

"Ai na gaya muku," ya ce. "Mu je, kada mu ɓata wa gardi rana."