Sulen Talatar Fanke

Nuala ta banko ƙofar kantin har ƙararrawar da ke samanta ta kusa faɗowa, ga dusar ƙanƙara a gashinta, ga garin fulawa a hannun rigarta.

"Fergus, buɗe akwatin kuɗinka!"

Fergus mai kanti, wanda shekara biyu ke nan yana kasa haɗa ido da ita, ya ɗaga hannuwa sama. "Fashi da rana tsaka? Ko bindiga ba ki riƙo ba."

"Don Allah bar wasa. Sulen Kaka na ba ka ɗazu da na sayi madara."

Ranar Talatar fanke ce, jajibirin azumin Kirista, ranar da ake soya fanke a gidaje. Tun 1968, shekarar da aka ɗaura wa Kaka Philomena aure, take tafasa sulenta na azurfa, ɗan senti goma bugun wannan shekarar, ta tura shi cikin ƙullu. Wanda ya ci karo da shi a fankensa, arzikin shekara nasa ne. Yau ta fito da shi ta ajiye kan faranti, Nuala ta haɗa da canji ta kwashe.

Fergus ya zazzage sulallan a kan teburin kantin. Suka duƙufa duba shekarun da ke jikin sulallan, kawunansu na kusan haɗuwa, kunnuwansa sun yi jajir. Huɗu suka samu na 1968, babu abin da ya raba su a ido.

"Na shiga uku," in ji Nuala.

"Ba ki shiga ba tukuna. A shekarar aka sauya ƙarfen, wasu azurfa, wasu nikel." Ya ɓamɓaro maganaɗisu daga jikin firjin lemo, ya bi da shi ta kansu a hankali. Biyu suka yi tsalle suka manne. Biyu ko motsi.

"Azurfa ba ta bin maganaɗisu. Tana da aji."

"To wanne ne nata a biyun?"

Ya sosa ƙeya. Sai ya ɗauki rigar sanyinsa, ya rufe kantin, ya bi ta.

Kaka ta saurari labarin tana kaɗa ƙullu, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta goge hannu, ta saki sulallan ɗaya bayan ɗaya a kan tebur, ta karkata kunne ga ƙararsu mai zaƙi.

"Wannan ne nawa."

"Kaka, ta yaya kika gane?"

"Ban gane ba, sakarya. Amma wa zai musa mini?"

Ta watsa duka biyun cikin tafasasshen ruwa.

"Kaka, ɗayan fa nawa ne," in ji Fergus.

"To zauna, ɗan nan, ka ci har ka same shi."

Nuala ta jawo masa kujera dab da tata. Fanke na farko ya sauka a farantinsa yana turiri. Ya yanki ɗan mitsitsi daga can gefe, yana tauna a hankali, yana addu'ar kada ya same shi da wuri.