Mita Ba Ta Kai Ba

Shekara ashirin da biyu Auta ya yi cikin baƙin mai. Mota ta wuce ta bakin garejinsa, daga kukan injin kaɗai zai gaya maka ciwonta. Amma akwai mota ɗaya tak da ba shi da ta cewa a kanta, ita ce motar Yayansa.

Yayan nan nasa shi ake kira Baba Mita. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bi gida-gida yana karanta mitar ruwa, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Mutum ne da in ka ce masa rana ta yi zafi, sai ya tambaye ka digiri nawa. Abin da lamba ba ta nuna ba, a wurinsa surutu ne kawai. Shi ya riƙe Auta tun yana ɗan shekara tara, bayan rasuwar iyayensu. Matarsa kuwa, wadda Auta ke ce wa Anti, ita ta yi ta wanke masa fitsarin kwance ba ta taɓa gaya wa kowa ba. To ka ga irin wannan Yaya ba a ɗaga masa murya, ko da furfura ta fara fito maka.

Motar ma saboda Anti aka saye ta. Shekarar da Yaya ya yi ritaya likita ya ce zuciyarta ta raunana, ya ce ranar da abin ya taso kada a tsaya neman abin hawa, domin minti goma ma wani abu ne. Asibitin yana ƙetaren gada, kilomita goma sha ɗaya daga gida, Yaya ya auna da kansa. Sai ya sayi 'yar farar mota ya ajiye a ɗakin da ke gefen tsakar gida, kusa da buhunan dusar kajin Anti. Ita kuma ta haɗa guntayen yadi ta ɗinka mata mayafi mai launi-launi. Ba a zuwa kasuwa da ita, ba a ba da aronta. Shekara shida, mitarta ba ta cika kilomita dubu goma ba. Da gwiwar Yaya ta fara ciwo ma sai 'yar fitar da ake yi da ita ta tsaya cak. Duk Asabar da safe zai yaye mayafin, ya tayar da injin, ya dubi agogo har minti goma, ya kashe, ya rubuta a littafi.

Sau ɗaya a shekara Auta yake zuwa da jakar kayan aiki ya yi mata sabis a gida. A zuwansa na ƙarshe, ya juye mai, ya duba batir, ya goge fulogi. Yaya na zaune a kujerar roba da littafin kamfanin mota a cinya, tabarau a kan hanci, kai ka ce shi ya ƙera ta. Nan Auta ya ga wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi a kan murfin batir. Kashin ɓera ne, ba sai an gaya masa ba. Ya kai hannu kan baƙin akwatin da filtar iska ke ciki, wato takardar nan mai naɗe-naɗe da ke tace iskar da injin ke shaƙa. Maƙalai huɗu ne ke riƙe da murfin, aikin minti ɗaya.

"Me za ka yi a nan?" Yaya ya tambaya.

"Filtar zan duba, Yaya. Na ma taho da sabuwa."

Yaya ya lashi yatsa ya buɗe shafi. "Kilomita dubu ashirin suka ce. Mu muna dubu tara da ɗari biyu. Mita ba ta kai ba."

"Ai ba tafiya kaɗai ke cin ta ba. Ajiya ma tana ci. Takarda ce, danshi na kama ta, ga kuma ɓeraye..."

"Waɗanda suka ƙera motar ba su san ɓera ba, sai kai? Ku kanikawa haka kuke, in ba ku kwance abu mai lafiya ba hannunku ƙaiƙayi yake yi. Tun daga kamfani ba a taɓa buɗe wurin nan ba, ba kuma za a buɗe ba sai lokacinsa."

A ƙasan wannan shafin akwai wani ɗan layi da ya ce ko bayan shekara biyu, duk wanda ya riga zuwa. Auta ya san da shi sarai. Amma nuna wa Baba Mita layin da ya tsallake a cikin littafinsa, a cikin gidansa, matarsa na ji? Ya janye hannu ya goge da tsumma.

Anti tana bakin ƙofa tana tsefe wani zare, dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta dafe ƙirji. "Auta, rabu da Yayanka. Ni ma da yana da hali mita zai ɗaura mini a goshi, kada in yi dariyar da ta wuce ƙa'ida." Da ta miƙo masa ruwa sai ta rage murya. "In ya shiga banɗaki ka buɗe abinka."

Yaya bai shiga banɗaki ba. Yana nan daram har aka rufe bonet aka ja mayafi. Auta ya mayar da sabuwar filta cikin jaka, ya ce a ransa mako mai zuwa zai dawo lokacin da Yaya ya tafi aski. Mako ya zo da motoci bakwai a gareji. Na bayansa ya zo da nasa. Wata uku filtar na kwance a ƙasan jaka, sifana na bugun kwalinta, duk sanda ya gan ta sai ya ce gobe.

Wata Talata da tsakar rana yana ƙarƙashin wata babbar mota wayarsa ta yi ƙara. Bai taɓa jin muryar Yaya haka ba, siririya, tana rawa.

"Auta, ka zo. Antinka ce. Muna hawan gada, motar ta ƙi."

Ko hannu bai wanke ba ya haye babur. Hanyar ta cushe, ya yi ta kutsawa tsakanin motoci ana zaginsa, bai ji ko ɗaya ba. Daga nesa ya hango motar, fara fat a tsakiyar hawan, an tare tayar baya da dutse, motoci sun yi layi a bayanta suna danna oda. Mutane sun taru, kowa na ba da shawara, babu mai taɓa komai. Wani ya ce ya yi tayin ɗaukarsu a tasa motar, tsohon ya ƙi, wai tasa yanzu za ta tashi, an yi mata sabis.

Yaya ya koma kujerar baya, ya ɗora kan Anti a cinyarsa. Leɓɓanta sun yi duhu, gumi ya jiƙa ɗankwalinta. Idonta a buɗe, ta ga Auta, ta motsa baki ba abin da ya fito.

Ya shiga ya murɗa makulli. Injin ya tashi lafiya lau, yana kuka a hankali kamar kowace Asabar. Yana taka totur sai motar ta yi gurnani, ta yi tari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ta baya, ta mutu. Injin da ke tsaye iska kaɗan yake nema, shi ya sa minti goman Yaya bai taɓa nuna komai ba. A shimfiɗaɗɗen titi ta lallaɓa ta kawo nan. Hawa kuwa sai da numfashi.

Ya ɗaga bonet, bonet ɗin ya kare shi daga idon Yaya. Ya ɓalle maƙalan ɗaya bayan ɗaya. Wari ya fara dukan hancinsa. Filtar ta yi baƙi, ta ruɓe ta lotsa, ƙarƙashinta kuma akwatin cike yake maƙil da dusa da guntayen yadi, ja da kore da ruwan ɗorawa, mayafin motar da Anti ta ɗinka ne aka yi ta yaga ana shigowa da shi. A tsakiya 'ya'yan ɓera biyar, jajaye, ko ido ba su buɗe ba. Ya sa hannu biyu ya kwashe duka ya watsa ta gefen gada. Ya mayar da murfin haka nan babu filta, ya koma ya murɗa makulli.

Ta tashi da ƙarfi kamar sabuwa. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Ya bar babur ɗinsa a nan ko kullewa bai yi ba. Minti shida ya kai su ƙofar asibiti. Ma'aikata suka fito da gado mai taya, suka shige da ita da gudu. Ba a yi rabin awa ba wata likita ta fito tana cire safar hannu, ta tambaya wane ne mijin. Ta yi musu magana a hankali, Anti ta cika. Yaya ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya tambaye ta ƙarfe nawa ya faru daidai. Ta gaya masa. Ya dubi agogonsa ya gyaɗa kai.

Bayan kwana takwas, da masu gaisuwa suka ja baya, Yaya ya aika a kira shi. Auta ya same shi da hantsi a ɗakin mota, a kujerar robar nan, littafi a cinya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kajin Anti na ta kai-komo a tsakar gida, da alama ba wanda ya ba su abinci.

Tun a hanya Auta ya shirya ƙaryarsa. Ba zai ɗora wa tsoho wannan kaya ba, gara ya ɗauka shi kaɗai, tunda dama rabi nasa ne.

"Zauna," in ji Yaya. Ya cire murfin biro. "Ba na barin gurbi a littafi. Me ya sami motar a kan gada?"

"Waya ce ta saki, Yaya. Wata 'yar waya a bayan injin. Irin wannan ba wanda zai iya sani, ko a kamfani."

"Waya."

"Waya ce. Ƙaddara ce kawai."

Yaya bai rubuta ba.

"Daga sanda motar ta mutu zuwa sanda ta tashi, minti ashirin da shida ne," ya ce. "Ina riƙe da Antinka ina kallon agogo. Ban ga abin da ka yi ba, bonet ya kare ka. Amma kunnena lafiya lau yake. Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Huɗu na ƙirga." Ya nuna motar da haɓa. "Jiya na buɗe na duba. Abu ɗaya ne a injin nan mai maƙalai huɗu, kuma na tarar da shi fanko."

Auta ya sunkuyar da kai. Baƙin mai na nan a ƙarƙashin faratansa, shi ya zuba wa ido.

"Na koma na karanta shafin," Yaya ya ci gaba. "Na ga layin ƙasa. Ka san da shi?"

"Na sani."

"Tun ranar?"

"Tun ranar, Yaya."

Tsohon ya cire tabarau ya ajiye a kan littafin. Auta ya so a ce zaginsa ya yi, ko ya kwaɗa masa mari kamar yadda yake yi da yana yaro. Bai yi ko ɗaya ba. Hawaye ne kawai ke bin kumatun tsohon, bai share ba.

"Shekara ashirin da biyu kana wannan aiki," ya ce a hankali. "Ni mitar ruwa na sani. Me ya hana ka yi mini gardama, Auta?"

Auta ya buɗe baki. Amsar tana nan, ita ce dai wadda ta rufe masa baki ranar sabis, ga shi ta sake rufe shi. Jakar kayan aikinsa na jingine da ƙafarsa, sabuwar filtar na ciki, ko ledarta ba a yage ba.